Alƙalin da Ba Ya Zuwa Ɗakin Juri

'Yata,

Muryar da kika kira ni da ita ran Alhamis da dare ta hana ni barci da wuri. Kin ce kwana uku kika yi a studiyo, cimarki biskit da ruwan leda, kika manna takardu takwas a bango, kika ajiye samfurin kwalin da har yatsa kika yanke wajen haɗa shi, amma malamin da ke zaune a tsakiya ko tashi bai yi ba. Tambaya ɗaya ya jefo miki: hayaƙin madafar nan ta ina zai fita? Kika tsaya kina kallon takarda kamar ba ke kika zana ta ba, aji ya yi tsit, wani can baya ya ƙyalƙyale da dariya. Shi ne kika ce mini, "Baffa, ni kam canza kwas zan yi." Na ce ki nemi abinci mai zafi ki ci ki kwanta, a bar maganar ta kwana. To ga shi ta kwana har huɗu, na ga gara in rubuta, don in a waya ne sai ki yi ta "to Baffa, to Baffa" alhali hankalinki na wani wuri. In kin gama karantawa ki miƙa wa abokan karatunki, maza da mata. Babu asiri a ciki.

Ni ma an yi mini. A zamaninmu babu kwamfuta. Allo ne mai faɗi, da doguwar rular nan da muke cewa ti-sukwaya, da alƙaluman tawada na Rotring waɗanda bakinsu ke toshewa daidai lokacin da ka fi bukatarsu, da rezar kankare kuskure. In ka kankare wuri ɗaya sau uku takarda ta huje, sai ka koma farko. A shekarata ta uku aka ba mu aikin ƙaramin asibitin karkara. Na ga wani gini a mujallar Turawa, na kwaikwayo shi, na yi wa ɗakin jira bangon gilashi tun daga ƙasa har rufi, yana fuskantar yamma. Kyau kam ya yi kyau a takarda. Wani dattijo da aka gayyato daga waje ya duba, ya sake dubawa, ya ce in nuna masa inda mace mai tsohon ciki za ta zauna da ƙarfe huɗu na yamma a watan Afrilu. Na shiga zuba Turanci. Ya bar ni na kai aya, sannan ya maimaita tambayarsa. Mako guda na yi ina jin haushin bawan Allahn nan, ina gaya wa duk wanda zai saurare ni cewa tsoho ne, zamani ya wuce shi. Yau na girme wa shekarunsa na wancan lokacin, kuma har yanzu in zan buɗe taga a bangon yamma sai na ji muryarsa.

Yana da kyau ki san inda wannan al'ada ta juri, wato kare zane a gaban malamai, ta samo asali, don ki rage jin tsoronta. Daga Faransa take. A babbar makarantar zane ta birnin Faris, tun ƙarni na 19, akan ba ɗalibai aiki da wa'adi, ranar ƙarshe a zagayo da amalanke a kwashe zane-zane a kai wa alƙalai. Akan ce wasu ɗaliban a kan amalanken suke ƙarasa shafa launi tana tafiya. Daga sunan amalanken da Faransanci aka samu kalmar "sharet", wadda masu sana'armu ke kiran aikin gaggawa na kwanan zaune da ita har gobe. Tsarin ya bi ta Ingila ya iso mana. A Najeriya an fara koyar da zanen gini a Ibadan a 1952, aka mayar da sashen Zariya a 1955, sannan ya shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Daga baya ne ya bazu zuwa Jos, Minna, Bauchi, Yola, Wudil, Kano da sauran wurare. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa da yawansu Lome suke zuwa, inda ƙasashen da ke amfani da Faransanci suka haɗa hannu suka kafa makaranta ɗaya. Kin ga ke nan gado ne aka ɗauko da alherinsa da sharrinsa. Alherin shi ne a koya wa mutum tsayawa gaban jama'a ya kare abin da ya yi. Sharrin shi ne wasu malaman sun ɗauka muzanta ɗalibi wani ɓangare ne na darasi, don su ma haka aka yi musu. Ba wahayi ba ne. Ko a Amurka sai da ƙungiyar ɗaliban zanen gini ta fitar da rahoto a 2002 tana neman a gyara rayuwar studiyo, saboda yadda rashin barci ke cin ɗalibai.

In za ki sake tsayawa, ki roƙi wata ƙawarki ta zauna da biro tana rubuta duk abin da aka faɗa, domin mai tsaye gaban juri kunnensa a toshe yake, zuciyarsa kaɗai yake ji tana duka. Bayan kwana biyu ki ɗauko takardar ki tankaɗe ta kamar gari. Za ki tarar wata maganar son rai ce kawai, wannan malamin yana son baka, wancan yana son kusurwa, kuma in an bar su biyu su ma sai su yi faɗa. Wata cin fuska ce, ki zubar da ita tare da dusa. Amma za ki samu ɗaya ko biyu da suka taɓa ginin kansa: ina ruwan sama zai bi, ina iska za ta shiga, me ya tallafi wannan rufin, yaya mai keken guragu zai hau. Waɗannan ki riƙe su da hannu biyu ko da wanda ya faɗa ya faɗa da gatse. Kada ki fara bayani da manyan kalmomi. Ki fara da filin da mutumin: ga inda rana take fitowa, ga hanya, ga wanda zai zauna ciki. In ba ki san amsa ba ki ce, "Malam, ban yi tunanin wannan ba, zan duba." Ban taɓa ganin an kayar da ɗalibi don wannan jimlar ba, amma na ga waɗanda gardama ta kai su ƙasa.

Yanzu maganar barci, kuma a nan zan ɗan ɗaure fuska. Na san yadda ake yi. Wanda ya kwana uku bai runtsa ba shi ne gwarzo, yana yawo da jajayen idanu ana jinjina masa. Na yi wannan wautar shekara biyu kafin in lura da wani abu: layin da na ja da ƙarfe uku na dare, da safe shi nake gogewa. Yatsan da kika yanke ma na tabbata ba da hantsi kika yanke shi ba. Abin da ke jawo kwanan zaune yawanci ba yawan aiki ba ne, ƙin yanke shawara ne. Mako biyar mutum yana juya tunani, yana jiran wata dabara ta faɗo daga sama, sai a mako na shida ya ce zai zana komai. Ki sa wa kanki doka: kwana biyar kafin ranar miƙa aiki an rufe ƙofar sabon tunani, abin da ke hannu shi za a gyara a fitar. Ki bar kwana guda cur don bugawa, don kin san halin wutarmu, kin san layin da ake yi a shagon buga manyan takardu, kuma injin ba ya lalacewa sai ranar da kowa ke jira. Ki ajiye aikinki a wuri biyu. Ki bar lokutan salla su zama agogonki: in an kira, ki tashi daga gaban allon nan, ki yi alwala, ki miƙe bayanki, ki kalli nesa. Sau da yawa matsalar da ta ƙi warwaruwa awa uku a kan hanyar dawowa daga masallaci take sakin jiki.

Shayi da goro ban hana ba, da su muka yi namu. Amma duk wanda ya miƙo miki ƙwaya ya ce tana hana barci ko tana ƙara ƙarfin aiki, ki mayar masa da abarsa. Tiramol da maganin tari mai kodin, wanda har gwamnati ta hana shigo da shi da sarrafa shi a 2018, sun cinye yara masu hannu fiye da naki, kuma da "na wannan makon ne kawai" suka fara. In kuma kika ji nauyin zuciya ya wuce na gajiya, abinci ya fita ranki, kina kuka ba dalili kwana da kwanaki, kada ki ce ai haka kwas ɗin yake. Ki gaya wa Ummanki, ki gaya mini, ki je asibitin makaranta.

Mahaifinki ya yi mini ƙorafin zaman dare a studiyo. Ƙanena ne, na san halinsa, tsoro ne ke sa shi faɗa. Kada ki ɓoye masa komai. In ya zo ziyara ki kai shi ya ga ɗakin da teburinki da waɗanda kuke zama tare. Ku riƙa komawa ɗakin kwana a ƙungiya, kuma abin da za a iya yi da rana a yi shi da rana. Sauran ki bar ni da shi.

Batun kuɗi ba zan yi miki daɗin baki ba, karatun nan yana da ci. Kwamfutar da za ta ɗauki manhajar zane ta Revit ba ta arha, ga kuɗin bugawa, ga kwali da gam, ga data, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya ninka. Na san akwai ɗan ajinku mai na'ura ta miliyoyi wanda hotunansa ke fitowa da gajimare da tsuntsaye da Turawa suna yawo da kare a gaban gini. Kada wannan ya karya miki gwiwa. Kwalin taliya da za ki karɓa kyauta a shago yana yin samfuri. Kara ma yana yi, ai da shi yayyenki suka yi ta ƙera motoci suna yara, har da ƙofa mai buɗewa. Yumɓu yana yi. Malamin kirki ba gajimare yake nema ba, sekshan yake nema, wato a yanka ginin kamar kabewa a ga cikinsa: kaurin bango, tsayin rufi, inda katako ya hau, inda ruwa zai zube. Nan ne ake gane wanda ya san abin da yake yi. Abu ɗaya nake roƙonki, kada ki biya wani ya yi miki aiki, kada kuma ki kwaso na wani daga Pinterest ki canza masa launi. Yanzu har na'ura ake gaya wa magana ta fitar da hoton gini cikin daƙiƙa. Ki yi wasa da ita in kina so, ni ma jikana ya nuna mini na sha mamaki. Sai dai hoton ba shi da tushe, ba shi da magudana, bai san kuɗin buhun siminti ba, kuma ranar da birkila zai tsaya gabanki ya ce, "Hajiya, nan rodi nawa za mu sa?" babu na'urar da za ta amsa a madadinki.

Bari in ba ki labarin da ban cika bayarwa ba. Gida na farko da na zana bayan na gama makaranta na wani ɗan kasuwa ne mai mata biyu. Na zuba masa duk abin da na koya: falo babba da ƙofarsa ke kallon titi, ɗakin cin abinci, madafa ta zamani a tsakiyar gida da kantoci a bango, tagogi manya-manya. Ya ga takarda ya yaba, ya biya. Bayan shekara biyu hanya ta bi da ni, na ce bari in leƙa in ga aikina. Da ƙyar na gane shi. Ya gina zaure a gaba, don ba zai yiwu kowane baƙo ya faɗo tsakiyar iyali ba. An toshe rabin tagogin yamma da bulo. Ɗakin cin abinci ya zama na ajiyar buhuna. Madafata kuwa kaji na gani a ciki, girki yana can baya ƙarƙashin rumfar kwano, tukunyar mutum ashirin a kan murhu. Uwargidan, dattijuwa mai fara'a, ta aiko mini da fura, ta leƙo ta bayan labule ta ce, "Malam, ashe kai ne mai zanen? Sannu da ƙoƙari. Amma dai ba ka taɓa tuƙa tuwo ba ko?" Ban taɓa shiga juri mai zafin wannan ba, kuma babu maki a cikinsa. Laifin nawa ne ni kaɗai. Awa uku na yi da maigidan muna magana a kan gidan, ban yi minti ɗaya da waɗanda za su wuni a cikinsa ba.

Wannan alƙalin shi nake so ki riƙa tunawa. Ba ya zuwa ɗakin juri, bai san sunan Le Kobuziye ko wani shahararren mai zanen gini ba, amma shi zai kwana a ɗakin da kika zana a daren bazara, lokacin da zafin rana ya haura digiri 40 kuma babu wuta. Malamin da ya tambaye ki hayaƙi, ko da gangan ko ba da gangan ba, saƙon wannan alƙalin ya isar miki.

Kuma a nan kina da abin da ni ban taɓa samu ba. Ni iyakata zaure, in na matsa ƙwarai shigifa. Ke kuwa babu gidan da za a ce miki ba a shiga. Za ki iya zama kan tabarma a tsakar gida ki ga inda ake wanki da inda ruwansa ke kwanciya, inda ake shanya, inda ake ajiye turmi, yadda mai sayar da ƙosai ko ɗan wake daga cikin gida take miƙa wa yara ba tare da sun shigo ba, yadda gidan mutum goma ke ɗaukar mutum ɗari ranar suna ko zaman makoki, yadda kishiyoyi ke bukatar ƙofofin da ba sa kallon juna ido cikin ido. Za ki ji tsohuwa ta ce ba ta shiga bayin da ya fuskanci alƙibla, ki koyi duba wannan tun a takarda kafin a haƙa rami. Rabin ilimin gidan Bahaushe yana wurin mata, kuma kaɗan ne daga cikinsa ya shiga littafi. Ki riƙa yawo da ƙaramin littafin zane da fensir. Ki nemi izini, ki zauna, ki yi shiru, ki zana.

Sai magina. Kafin a buɗe sashen zanen gini ko ɗaya a ƙasar nan, muna da Sarkin Magina a birane, muna da gwanaye. Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. An lulluɓe shi da sabon gini daga baya, amma aka bar tsohon a ciki.  Matsalar da Babban Gwani ya warware irin taku ce ta ajin lissafin ƙarfin gini: azara, wadda ake tsagawa daga giginya kuma gara ba ta cinta, ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazarar ta kai mita biyu ko ta wuce. To yaya za a rufe ɗakin da sahu-sahu na mutane za su tsaya? Sai aka riƙa jera azara ana turo ta daga bango kaɗan-kaɗan, ana ɗaurewa, ana lulluɓewa da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Shi ne bakan gizo. In aka gicciya su suka tallafi tulluwa, ga ɗaurin guga. Babu takarda, babu kalkuleta, amma lissafin yana nan daram. Haka tubali mai siffar ƙwai da ake jerawa a tsaye, da bango mai kauri a gindi yana sirancewa sama, wanda ke shanye zafin rana ya riƙe shi sai dare ya sake shi. Haka makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima don ruwa ya zame, da indararo mai tofar da ruwa nesa da gindin bango. Tsohon magini ya san hadarinmu daga gabas yake tasowa, don haka bangon gabas ya fi bai wa kariya. Wani Bature ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, ya shafe shekaru yana auna irin waɗannan gine-gine yana zana su, aikinsa ya fito a littafi mai juzu'i uku a 1990, kuma akwai gidan tarihin gine-ginen gargajiya a Jos da ya samo asali daga ƙoƙarinsa. Abin kunya ne a ce ya zo daga nesa ya durƙusa ya auna Gidan Makama, mu kuwa muna wucewa ta gabansa a adaidaita ba mu ko waiwaya.

Kada ki fahimce ni a karkace. Ba cewa nake a koma ginin ƙasa ido rufe ba. Yana son yaɓe duk shekara, ambaliya tana narkar da shi, kuma mutumin da ya tara kuɗinsa da gumi yana ganin bulo da kwano su ne shaidar ya fita daga talauci. Ba ki da ikon raina masa wannan. Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne ɗalibin da zai zana akwatin kankare mai zafi kamar tanda, ya dasa masa zanko huɗu a kusurwa, ya ce ya yi ginin gargajiya. Zanko ado ne. Hikimar tana cikin inuwa da iska da kauri da yadda ake shiga daga waje zuwa ciki mataki-mataki.

Akwai waɗanda suka gane haka. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda da kafinta ya fara, ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da tubalin ƙasa da aka matse, ya ɗaga rufin kwano sama da silin don iska ta ratsa tsakani ta kwashe zafi. Kwanon da kowa ke kuka da shi, ɗaga shi kawai ya yi. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a sana'armu. A Yama, cikin jihar Tawa ta Nijar, Alhaji Falke Barmu, manomi kuma magini, ya fara masallacin ƙasa a 1962 wanda ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da ƙasar wurin, aka gama a 2018. Mariam mace ce kamarki, kuma da ilimin kwamfuta ta fara kafin ta juyo. Amma ki haɗa da labarin Hassan Fathy na Masar, don kada ki ɗauka kyakkyawar niyya ta isa. A shekarun 1940 ya zana wa talakawa sabon ƙauyen Gurna kusa da Luksor, da tubalin ƙasa da tulluwa, gini mai ban sha'awa da har yau ake koyar da shi. Da yawa daga mutanen da aka yi dominsu suka ƙi komawa, don abincinsu yana tsohon wurin kuma ba su suka nemi a tashe su ba. Shi ma alƙalin nan ne ya kama shi.

In lokacin koyon aiki na wata shida ya zo, kada ki nemi ofis mai sanyi inda za a sa ki kwafar zane. Ki nemi inda ake zuba kankare. Ki sa takalmi mai rufi, ki gaida birkila da kafinta da mai lanƙwasa rodi da sunan girma, ki tambaye su abin da ba ki sani ba. Za su gwada ki, za su yi miki dariya kwana biyu, in suka ga ba girman kai kika zo da shi ba za su koya miki abin da babu shi a manhaja. Ki ƙirga kwanon yashi da na tsakuwa da ake zuba wa buhu ɗaya, ki ga yadda ɗaya-biyu-huɗu na takarda ke komawa wani abu dabam da zarar mai duba aiki ya juya baya. Ki murza bulo da yatsa ki ga ko zai zube. Ki lura ko ana ba kankare ruwa bayan an zuba shi ko an bar shi rana ta ƙona. Na san ku ɗalibai kun tsani darasin lissafin ƙarfin gini, kuna cewa na injiniyoyi ne. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 da ake ginawa ya rufta a Ikoyi ta Legas, mutum sama da 40 suka rasu. Ranar 12 ga Yuli 2024 ginin makaranta ya faɗa wa yara a Jos suna cikin aji, aka rasa sama da 20. Ƙasar nan tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006. Takarda ba ta hana rushewa sai an samu mutumin da zai ce a'a a filin aiki, ya kuma ƙi buga hatiminsa a kan zanen da bai duba ba, ko nawa aka ajiye masa.

Hanyar da tsawo, wannan gaskiya ne. Shekara huɗu na digirin farko, biyu na digiri na biyu, hidimar ƙasa, zaman koyo ƙarƙashin wanda ya riga ki, jarrabawar ƙwarewa, sannan hukumar ARCON, wadda aka kafa a 1969, ta sa sunanki a rajista ki amsa sunan akitek da hujja. Ga yajin aiki da ke cin nasa rabon, na 2022 kaɗai wata takwas ya lashe. Kin fito kuma ki tarar da mai gida yana cewa, "Zane kawai ne fa, akwai yaron da zai yi mini a dubu kaɗan." Duk na sha wannan. Ban yi kuɗin da abokaina 'yan kwangila suka yi ba, amma ban kwana da yunwa ba, kuma akwai wata makarantar Islamiyya da na zana wadda in na bi ta wajen da azahar nakan ga tsofaffin unguwa sun shimfiɗa tabarma a inuwar barandarta. Nakan rage gudu in kalle su.

In bayan kin huta, kin ƙoshi, kin gama zangon nan, kika ga har yanzu ranki ba ya wurin, ki zo mu zauna da mahaifinki, canza hanya ba abin kunya ba ne. Demas Nwoko zanen hoto ya karanta a Zariya, daga baya ya shiga gini, har aka karrama shi da babbar lambar yabo a Banis ta Italiya a 2023. Mutane suna shigowa, suna fita. Sai dai ban yarda a yanke wannan hukunci da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, da cikin da babu komai sai biskit ba.

Amsar hayaƙin ba zan ba ki ba. In an yi hutu ki taho da takardun nan takwas, har da wadda kika ce kin dunƙule kin jefa ƙarƙashin gado. Za mu je gidan Kaka da tef ɗin awo, ke ki riƙe kan, ni in riƙe gindin, mu auna tun daga dakalin ƙofar gida har madafa. Ki tsaya nan lokacin da ake hura wutar tuwon dare, ki ga inda baƙin ya kwanta a bango da inda bai kwanta ba. Akwai wani tsohon magini a bayan kasuwa da ya yi wa ɗakinta ɗaurin guga tun ban yi aure ba, yana nan da ransa, sai dai kunne ya yi nauyi, sai kin ɗaga murya. Ki sayo goro fari na ɗari biyar, shi yake ci. Alƙalumana na Rotring ma na sa an nemo su a cikin akwati, biyu sun bushe, ɗaya yana rubutu.

Ki gaida Ummanki. Ki sa wa yatsan nan magani.

Baffanki